Jika a Ƙetaren Iyaka

"Amshi, Malam, ɗiyarka ce," in ji matarsa, tana miƙo masa wayar da ta aro a maƙwabta.

Tsohon ya janye hannu. Duk Dogarawa an san ra'ayinsa kan wayoyin nan na shafawa. Ya sha faɗa a majalisar hira cewa masu ƙera su a can nesa sun saye idanun matasa, har yaro ba ya ɗago kai ya gaida babba.

Amma shugabanni sun yi rigima, an rufe iyaka, shi yana Nijar, ga autarsa tana aure a ɓangaren Najeriya. Tafiyar safiya ɗaya ta gagara.

"Baba, na sauka," muryarta ta fito a raunane. "Namiji ne. Ubanshi ya yi tafiya, gidan sai mata. Ba a yi mishi kiran salla ba."

Ya karɓa da hannu biyu. A cikin gilashin ga wata 'yar fuska jajir, ido a rufe. Aka kara wayar a kunnen jaririn, tsohon ya yi kiran salla a hankali.

Yana gamawa rezo, wato layin sadarwa, ya ɗauke, hoton ya tsaya cak. Matar ta zo karɓa ta mayar wa masu ita, sai ta ga ya ɗora wayar a kafaɗa, yana jijjigawa, yana ɗan bubbuga bayanta.

"Dakata," ya ce ƙasa-ƙasa. "Bari ya yi barci tukuna."