Jirgin Kombo

Tun da asuba Shabani ya farka idanunsa sun kumbura, kumatunsa sun yi jawur kamar an watsa musu barkono. Ya sosa har jini ya fito.

Wani likita a garin Tanga ya gaya masa tun bara cewa jikinsa ya ƙi ƙaron efoksi, wanda ake liƙe jiragen ruwa da shi, kuma ko ɗigo ya taɓa shi ciwon zai tashi. Shi ya sa Kombo, mai wurin gyaran jirage, ya sallame shi, bayan shekarun da ya sa shi dama ƙaron ba safar hannu. Shabani ya zage shi a gaban ma'aikata kafin ya fita.

Tun ranar bai sake taka wurin ba. Hannuwansa sun warke sarai. Fuska da wuya ne suka ƙi.

Mwanahawa, matarsa, kan dawo daga tallan kifi a gajiye, hannunta na ƙamshin lemun tsami. Takan tallafe fuskarsa tana lallashi, ta ce ya bar wa Allah.

Shi kuwa ya gama shawara: Kombo ne ke sa a shafa masa abin a hular babur, ko a tawul ɗin wanzami. Ya sauya hula, ya bar wanzamin, ciwo bai daina ba. Ran nan suka haɗu a kasuwa, Kombo ya dube shi ya yi murmushi.

"Yaro, ka bar wurina, amma wurina bai bar ka ba. Ka gaida gida."

Ranar Juma'a, da maza suka tafi masallaci, Shabani ya tsallake shingen wurin Kombo da guduma a hannu. Sabon jirgin da Kombo ke taƙama da shi na ɗage a kan turaku, ana gyaran gindinsa. In ya faɗo, sai dai itacen girki.

Ya doke turken farko. Ya doke na biyu. Jirgin ya yi ƙara, ya fara kwantawa, Shabani ya ji wani sanyi a ransa.

Sai wani hannu ya leƙo daga ƙarƙashi, kaca-kaca da ƙaro, yana lalube.

"Baba Kombo, jirgin na motsi," in ji muryar Mwanahawa.