Baitocin da Suka Sa Radiyya Kuka

Karo na huɗu ke nan a safiyar da waƙar nan ta Faransanci ta tashi daga kicin, jita tana kururuwa kamar an taka wutsiyar kyanwa. Alhaji Falalu ya dire kofin shayinsa. Shekara goma sha tara yana zaune da Radiyya a hawa na uku a rukunin gidajen 220 Logements, wa'azi bai taɓa sa ta hawaye ba, yau ga ta tana sharɓar kuka a kan kiɗan rok tana soya ƙwai.

"Maman Huda, wannan hayaniyar fa?"

"Sadi ne ya rera da abokansa," in ji ta, tana goge ido da gefen zani. Sadi ƙanenta ne, mai sumar da ba ta san mataji ba. "Amma baitocin, mutumin da ya fi kowa sona a duniya ne ya rubuta su. Ba ka gane ba, Alhaji?"

Har da murmushi. Murmushin ne ya fi ƙona masa rai.

Faransancin Alhaji na bakin kwastan ne: ya san sunan kwantena, ya san yadda ake gaida mai hatimi, shi ke nan. Radiyya kuwa haifaffiyar unguwar Treichville ce, da Faransanci take mafarki. A bakin tashar jirgin ruwa ya gan ta tana sayar da aloko, wato soyayyar agada, samari 'yan boko sun yi mata dafifi, ya kayar da su kaf. Har yau in ana hira, kwarjininsa yake jingina wa nasarar.

Ya lallaba ya tura waƙar daga wayarta zuwa tasa, ya nufi Zone portuaire, inda ake sauke kayan manyan jiragen ruwa, wajen abokinsa Kamilu.

Kamilu tayoyi yake shigowa da su, amma tun da ya kalli wasu bidiyoyi uku a waya ya zama shehin ɓoyayyun saƙonni. A wajensa babu waƙar rok da ba ta da lauje cikin naɗi. Ya saurara sau uku yana girgiza kai, ya kwafe baitocin a bayan wani kwali, sannan ya gyara zama kamar mai shirin tafsiri, ya shiga fassara masa su.

"Yako, mon frère, sannu ɗan'uwa. Ka ji nan? 'Jirgin ƙarfe biyar ya zo, idona na kanki.' Wannan rendez-vous ne, wurin haɗuwa da lokaci. Nan kuma, 'Mai tabon mai a wuyan hannu.' Matar wa ke da tabon nan?"

Alhaji ya san tabon, na Radiyya ne. Tun tana budurwa man suya ya fallatsar mata a hannun hagu.

"Ga babbar: 'Ba ni da baki a gabanki, takarda ce bakina.' Wasiƙu suke yi, Alhaji. Sadi ne ɗan aike, jitar nan rufa-ido ce."

Kwana uku Alhaji yana rufe shago da la'asar, yana tsayawa a tashar jirgin Treichville yana ƙare wa maza kallo. Ya zargi mai yankan tikiti. Ya zargi wani malamin makaranta mai tabarau, ya bi shi har bakin kemis, ashe bawan Allah maganin basir ya je saye. A gida kuwa Radiyya sai ƙara kwalliya take yi, ta dafa masa miyar kukar da yake so, ta kunna waƙar da zarar ta ji sallamarsa, ta zuba masa ido tana jiran wani abu. Shi ko ya ture kwanon. Yana son matar nan, son da bai taɓa iya faɗa da bakinsa ba, kuma shi ya sa abin yake cin sa kamar gara.

Rana ta huɗu ya yanke shawara: saki. Kuma da Faransanci za a rubuta, ta karanta da idonta, kada wani ya sassauta mata kalma ɗaya.

Baba Badaruddeen yana nan inda yake tun zamanin tafireta, ƙarƙashin lema a gefen tasha, yana rubuta wa jama'a takardu. Shi ke yi wa Alhaji duk wani rubutun Faransanci tun yana saurayi mai tallar agogo. Tsarinsu bai taɓa canjawa ba: Alhaji ya faɗi buƙata a tsaitsaye, ya sa hannu, ya wuce harkarsa.

"Saki ɗaya, Baba. Ga hujjata." Ya dangwara kwalin a kan tebur.

Tsohon ya ɗora tabarau a karan hanci, ya fara karantawa a hankali. A layi na uku ya matso da kwalin kusa da idonsa. A na biyar ya ɗago kai daga kwalin, ya kalli ruwa, ya ci gaba da jero baitocin da ka, har da wasu biyu da Kamilu bai kwafa ba.

Alhaji ya miƙe tsaye, ya cafki gefen teburin.

"Baba! Kai ne? Da furfurarka?"

"Ni ne, Falalu," in ji tsohon, yana ninke tabaransa, "amma sa hannunka ne a ƙasan kowacce, don wasiƙun neman aurenka ne guda goma sha biyu, waɗanda ka ce in rubuta duk abin da mata ke so, kai kana sauri za ka kasuwa."