Ƙasa Ce Maganinsa

Ɗiyarsa ta ajiye ɗan farantin gilashi kusa da ƙafarsa mai gyambo, ya kalle shi ya taɓe baki.

Shekara talatin yana sayar da kafso ja da yalo a kasuwar Ƙanƙara, biyu-biyu, ga mai ciwon kai, ga mai kaji, ga mai ƙurji ya fasa ya barbaɗa. Yau nasa gyambon ya sha kowane launi ya ƙi ji, har maƙwabta suna raɗa cewa wannan kam ƙasa ce maganinsa.

"Na tura ki jami'a ki zama likita," ya ce, "kin ƙare a gonakin Daudawa kina ɗibar turɓaya da cokali, kamar mai ciki ta ga farar ƙasa."

"Duba dai, Baba. Farin da ya lulluɓe farantin ƙwayoyin cutar ƙafarka ne, kafsonka ya koya masu taurin kai. Ɗigon tsakiya kuwa wata halitta ce da na samo cikin ƙasar."

Ya duƙa. Kewayen ɗigon fes yake, halittar ta kashe ƙwayoyin cutar wurin, kamar an share masussuka.

Bai ce sannu ba. Ya miƙa tafin hannu. "To, ba ni biyu."

"Sai an gama gwaji, Baba. Shekara goma, in an yi sa'a."

Ya janye hannun, ya dubi ƙudajen da ke bin tsumman ƙafarsa. Ashe maƙwabta ba su yi ƙarya ba. Saura a ga wace ƙasar za ta riga.