Zomon Dutse a Rumfar Baba

Baba baduku ne a Agege, can Legas, rumfarsa tana kallon tashar jirgin ƙasa. Wata la'asar, ina 'yar shekara bakwai, na kai masa abinci, ya ce, "Uwata, buɗe hannunki."

Ya ɗora mini ɗan zomo na koren dutse, bai fi goro ba, idanunsa jajaye. Sanyinsa ya ratsa tafina. Na wata tsohuwar Baturiya ne 'yar Rasha, ta kawo a ɗinka masa jaka. Baba ya ce masu yi wa sarkinsu kayan ado suka sassaƙa shi, kuma da shi kaɗai ta tsira ranar da suka gudo daga ƙasarsu.

Na ce, "Baba, ba ya kewar gida?"

Daidai nan jirgin Kano ya yi kuka ya tashi. Baba ya ajiye basilla, ya bi shi da ido har ya ɓace. Shekara ashirin rabonsa da garinsu, Zariya.

Ya ce, "Shi dutse ne, Uwata. Ya huta."

A Agege muka binne Baba. Ga shi na tsufa, ban taɓa ce masa ya ba ni labarin garinsu ba.