Ƙas-ƙas ɗin da ya ɓace

"Ka matse waƙar nan har ka cinye mata kiɗa!" in ji wani tsohon direba, ya dangwarar da fulash ɗin waƙoƙinsa gaban mai ɗura waƙoƙi. "Da akwai wani ƙas-ƙas a ƙarƙashin amshi, yanzu babu."

"Haba Baba, ƙarar akwalar motarka ce ta danne shi."

"Akwalar ta girmi ubanka, kuma kunnena ras yake."

Mai ɗura waƙoƙin ya kunna masa asalin faifan. Babu ƙas-ƙas.

Tsoho ya koma tsohuwar motarsa ƙirar Shabarole, ya bi bakin tekun birnin Habana na ƙasar Kuba, waƙar na tashi lami. Da amshi ya zo, sai idonsa ya faɗa kan ƙofar gefen da marigayiya matarsa take zama. Daidai inda zobenta yake bugawa ƙas-ƙas, fenti ya goge.