Dashen Titin Maikunkele

Jarka ta goma sha biyu ke nan Magdalina ta juye tun safe, amma ganyen ko ɗaga kai bai yi ba.

Dashe arba'in aka damƙa mata a bakin titin Maikunkele, cikin bishiyoyin da wata ƙungiyar ƙasar waje ta ba da tallafin shukawa. Ranar ƙaddamarwa manya suka yi hotuna a tsallaken titi, aka sha lemo, kowa ya kama gabansa. Aka bar mata da ban ruwa da sharaɗi guda: wadda dashenta ya mutu, aikinta ya bi shi. Mijinta Irimiya, ɗaya daga cikin leburorin da suka yi dashen, shi ya samo mata gurbin, kuma tun ranar bai ƙara tambayarta ya ake ciki ba.

Kwana uku ganye ya fara yaushi. Ta zargi awaki, amma kowane dashe yana cikin kejinsa. Ta zargi ruwan rijiya, ta koma na 'yan garuwa. Har kashin kaji ta roƙo ta barbaɗa. Shiru, kamar an shuka dusa. Abin da ya fi ci mata rai, layin abokiyar aikinta Sa'adiya da ke tsallaken titi kore shar yake.

Ranar Alhamis Ndaliman, ɗan kwangilar aikin, ya tsayar da mota, bai ko fito ba.

"Madam, an ce hira kike zuwa yi. Litinin masu tallafi za su zo. In na ga busasshe ɗaya, ki ajiye jarkar."

"Oga, Allah ya sani ina ba su ruwa."

Ya ɗaga gilashi ya wuce. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta. Ita da ta tashi a gonar citta, yau ita ake yi wa gorin shuka a gaban mutane.

Sai ta tuna da gara. Ta cire kejin farko, ta durƙusa za ta tona gindin, dashen ya biyo hannunta ba gardama.

Babu saiwa ko ɗaya. Reshe ne aka fiƙe da adda aka soke a ƙasa, har da guntun igiyar shanyarta a ɗaure, daga dogonyaron tsakar gidanta da Irimiya ya ce 'yan wutar lantarki ne suka sa shi ya sare.