Teburin da Mama Ta Ƙi

Tun daga bakin ƙofar gidan cin abincin, Mama Bruna ta toge.

"Ba zan zauna a can ƙurya ba," in ji ta. "Wurin alfadari ne."

Fulvio ya dubi ƙanwarsa Ornella da irin kallon nan na "kin dai ji da kunnenki". Ita kuwa ta kau da kai, don ta san abin da ke ƙarƙashin kallon. Yayanta ya riga ya samo wa mahaifiyarsu gurbi a gidan kula da tsofaffi a garinsu Torino, tun ranar da ta manta burodi a murhu hayaƙi ya turnuƙe gidan. Ornella ce ta yi ta roƙo a ɗaga ƙafa. Suka shirya a kan a fita da ita shan iska na ƴan kwanaki. Idan ta nuna hankalinta ɗaya, a bar ta a ɗakinta, idan ta sake, Ornella ta yi shiru.

Burodin nan kuwa ba ƙaramin abu ba ne a wurin Ornella. Kowace Asabar Mama sai ta gasa shi, ƙato kamar matashin kai, ta zana masa tauraro da bakin wuƙa, kullum ƙafa ɗaya guntuwa. Suna yara Fulvio ya sha tsokanarta, wai marainiyar da matan coci suka yi rainonta a Torino ko zanen tauraro ba su koya mata ba. Dariya kawai take yi, su kuma iyakar abin da suka sani game da yarintarta ke nan.

Fulvio ne ya zaɓi garin Matera, don kowa can yake zuwa yanzu ganin gidajen da aka sassaƙa a cikin dutse. Mutum ne da in ya shirya tafiya har lokacin atishawa sai ya tsara. Mama kuwa, a jirgin ƙasa ko ruwa ta ƙi sha.

Ranar farko suna ɗaukar hoto a gaban majami'a, suka waiga babu ita. Suka bi lunguna suna kira, taswirar wayar Fulvio tana ta mayar da su inda suka fito. Can ƙasa suka same ta a gindin wata matakala, ta naɗe hannu.

"Me ya tsayar da ku?" ta tambaye su.

Washegari mai yi musu jagora yana bayanin yadda gwamnati ta kwashe mazauna gidajen kogon dutsen nan shekaru da dama da suka wuce, saboda an ce zaman mutum da dabba a rami ɗaya abin kunya ne ga ƙasa. Mama ta juya masa baya, ta ce tana jin wari, alhali babu abin da ke tashi sai ƙanshin gahawa. Da yammar nan Ornella ta shiga makewayi ta yi kukanta.

Yanzu ga maganar alfadari. Gidan abincin kogo ne da aka shafe da farar ƙasa, kuma teburin ƙuryar kaɗai ya rage. Da lallashi da komai suka zaunar da ita, ta ɗosana a bakin kujera.

Mai gidan ya kawo burodi da man zaitun da soyayyen jan barkono. Ya ga Ornella tana kallon wasu ƴan katakai da aka rataye a bango, sai ya ce, "Hatimin burodi ne. Da can tanda ɗaya ce a unguwa, kowane gida ya buga nasa a ƙullu don kada a yi musaya. A kasuwa na sayo waɗannan. Kogon nan fayau na same shi, ko cokali ba su bari ba."

Mama ta miƙe da cokali a hannu. Ta nufi bangon da ke gefen ƙofa, ta durƙusa da ƙyar, ta kama ƙwaƙular farar ƙasar.

"Iya, lafiya?" mai gidan ya ce. "Bangon ya yi miki laifi ne?"

Masu cin abinci suka yi cirko-cirko, wani ma har ya ɗaga waya. Fulvio ya sunkuyo kusa da ƙanwarsa, idanunsa sun kaɗa.

"Ornella, uwata ce kamar yadda take uwarki. Sai ta faɗa rami sannan za ki yarda?"

Ta dubi tsohuwar da ta goye ta tana tonon bango a gaban baƙi, ƙura a gashinta. Tausayi da kunya suka haɗu suka rufe ta.

"Na yarda, Yaya," ta ce. "In mun koma ka kira gidan tsofaffin."

Ta tashi ta je ta kama kafaɗar uwar. "Mama, zo mu tafi."

A daidai lokacin wani ɗan dutse ya zame ya faɗo. Mama ta zura hannu a ramin har gwiwar hannu, ta zaro wani abu a naɗe cikin ruɓaɓɓen tsumma. Ta dawo teburin ba ta dubi kowa ba, ta goge katakon da gefen rigarta, ta jawo yankin burodi ta danna shi a tsakiyar laushin, sannan ta ɗaga. Ornella ta leƙa, ta ga tauraro, ƙafa ɗaya guntuwa.

"Ranar da aka kwashe mu daga kogon nan na ɓoye shi, ina tsammanin za a dawo," in ji Mama, tana share ido da bayan hannu. "Yanzu don Allah a canza mana tebur, babana bai taɓa bari mu ci abinci a wurin alfadarinmu ba."